Sai-Tasha da Mukullin Ƙofa

Akwai zaluncin da ake yi da sanda, akwai wanda ake yi da "sannu, Baba." Irin na biyun ne ya faɗa wa Sai-Tasha a cikin gidan da ya gina da guminsa, kuma waɗanda suka yi masa shi ba su taɓa fashin gaishe shi da safe ba.

Laƙabin a kan hanya ya samo shi. Zamanin da yake jan doguwar bas, in fasinja ya matsu ya ɗaga murya daga kujerar baya, "Direba, don girman Allah a ɗan tsaya," ko madubi ba ya kallo. Amsarsa ɗaya ce: "Sai tasha!" Sunan ya bi shi har ya ajiye tuƙi. To, duniya juyi-juyi. Da tsufa ya tashi kama shi, bai kama shi a gwiwa ko a ido kamar sa'o'insa ba, sai ya kama shi a mafitsara. Yanzun nan ya fito daga banɗaki, kafin ya gyara zama ya sake miƙewa. In ya shiga kuma ya yi ta jira, abu ya zo ɗis-ɗis kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa, ya fito yana jin kamar bai yi komai ba.

Mutanen gidan suka mai da abin wasa. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Manaja tun da aka ba shi kujera a wani kamfanin fenti, shi ya fara.

"Baba, wannan fa alhakin fasinjoji ne. Ai ka san alhaki kwikwiyo ne."

Sai-Tasha ya fi kowa dariya. "Da gaskiyarka. Akwai wani mai jar hula da ya yi ta ja mini Allah ya isa tun daga gada har cikin tasha. Ina jin tasa ce ta kama ni."

Mutum ne mai son raha. In dai za a yi dariya, bai damu ba ko a kansa za a yi ta. Abin da bai lura da shi ba, tun ranar da aka raɗa wa ciwon suna alhaki ya tashi daga zama ciwo. Alhaki kuwa ba a kai shi asibiti.

Ana cikin haka maigadin gidan ya yi sallama ya koma garinsu. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Washegari Manaja ya shigo ɗakin mahaifinsa, ya durƙusa har ƙasa, ya yi gaisuwa ta 'ya'yan kirki.

"Baba, mun yi shawara ni da maman yara. Ɗakin nan naka ya yi nisa da banɗaki, ga tayil da santsi. Muna tsoron kada wata rana ka zame. Ɗakin ƙofa kuwa, taku biyu ka shiga banɗakin waje. Kai kaɗai, babu mai ƙwanƙwasa maka."

"Ɗakin maigadi kake nufi?"

"A'a Baba, ɗakin ƙofa. Na ɗan lokaci ne."

Ɗakin ƙofar nan gadon ƙarfe ne a ciki, da ƙusa a bango, da taga mai faɗin faranti wadda ke kallon ƙofar gida. Akwai fanka, amma ta fi ƙwarewa a girgiza kai fiye da ba da iska. Kafin la'asar tsohon ɗakinsa ya cika da kwalayen tangaran da tukwanen lantarki da surukarsa, matar Manaja, take sayarwa. Ita ce kuma ta zo masa da mukullin kwaɗon ƙofa, ta zura shi a igiyar takalmi.

"Baba, tunda kana kusa, ka ɗan riƙe mana kafin a samu wani maigadin. Ka rataya a wuya kada ya ɓata, shi kaɗai ya rage."

Ya rataya, yana cewa, "To, direba ya zama ɗan sandan hanya." Aka yi dariya.

Daga nan aiki ya kankama. Hon na Manaja da safe, hon na motar makarantar jikoki, mai gas, mai kwasar shara, matan da ke zuwa duba tangaran. Kuma kamar da gayya, ba a danna hon sai ya shiga banɗaki abin ya fara zuwa. Sai ya katse, ya fito yana ɗaure tazuge, ya ja ƙofar ƙarfen da ta fi shi nauyi. Surukar takan leƙo daga falo, muryarta kamar zuma.

"Baba, sannu. Amma ka bar mini baƙuwa a rana."

Da irin haka ta yi yawa, sai ta gano magani da kanta. Ta zo ta ɗauke filas ɗin shayinsa, wanda ya yi shekaru yana yawo da shi a ƙarƙashin kujerar direba.

"Baba, abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba. Don lafiyarka nake yi. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da rana. Bayan la'asar kuma sai haƙuri."

Aka kwance kan famfon tsakar gida, wai yara na ɓarnar ruwa. Tsoho ya fara bushewa. Leɓensa ya tsattsage, fitsarin ya koma ja yana ƙuna, in ya miƙe da sauri sai ya ga ƙofa ta zama biyu. Zuwa banɗakin kuwa bai ragu ba, wahalar ce ta ƙaru. Wata rana da azahar, zafi kamar zai fasa kwano, ƙishirwa ta ci ƙarfinsa, ya zauna ya daɗe yana kallon ruwan butar banɗaki. Ba sai an faɗi abin da ya biyo baya ba. Ranar dai Sai-Tasha mai raha ya yi kuka, kukan takaici, shi kaɗai da fanka tana girgiza masa kai.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar Yaya. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi, ita ta sayar da keken ɗinkinta ya koyi tuƙi. Tana can wani gari, tafiyar rabin yini. Ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, amma baki yana nan da ƙarfinsa. In ta sa an bugo masa waya har maƙwabta sai sun ji.

"Kai ɗan nema! Sai na mutu za ka zo?"

"Ina nan tafe, Yaya."

"Ka ce me?"

"Na ce ina tafe!"

"Tun bara kake tafe. A ƙafa kake zuwa?"

Sai ya yi dariya, ya kashe waya, ya share ido. Ta yaya namiji mai furfura zai gaya wa yayarsa a waya, da ihu, cewa fitsari ne ya ɗaure shi? Babban tsoronsa a duniya kada wata safiya a bugo a ce Yaya ta cika bai je ba.

Ya yi wa Manaja maganar asibiti ba sau ɗaya ba. Manaja kuwa uzuri a bakinsa kamar fenti a shagonsu, kowane launi akwai.

"Baba, likitocin nan yanka kawai suka sani. Mai shekarunka in aka kwantar da shi aka sa masa wuƙa, wa ya san tashinsa? Mu da ranka muke son ka."

Wata rana kuma ya ce aiki ya yi yawa, a bari a ga ƙarshen wata. Wata ranar ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka dubi kunya. Yaya zan tsaya gaban likita ana maganar fitsarin ubana?"

Da hutun makaranta ya zo, gidan kaf suka shirya zuwa gaida Yaya. Sai-Tasha ya sa babbar rigarsa tun da sassafe ya zauna a bakin gado. Manaja ya leƙo ta taga.

"Baba, ai in muka ce za mu riƙa tsayawa, kwana za mu yi a hanya. Kuma ka ga gida ba kowa. Za mu gaishe ta a madadinka."

Shi ya buɗe musu ƙofa. Shi ya rufe bayan sun fita. Ya koma ya cire rigar ya rataye a ƙusa.

Ranar da abin zai juya, wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ce ta tsaya a ƙofa tana tari. Aka danna hon irin na tasha, gajere biyu dogo ɗaya. Sai-Tasha ya miƙe zumbur, don mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan hon. Yana buɗewa sai ga Kwandasta, tsohon kwandastansa da suka yi shekaru suna cin ƙurar hanya tare. Ya yi tumbi, ya yi sanƙo, ga ƙatuwar gorar ruwa a hannunsa.

"Maigida! Kai ne a ƙofa? Ina maigadin?"

"Kana kallonsa."

Kwandasta ya ƙare masa kallo, ya ga igiyar wuya, ya ga leɓe. Dariyarsa ta ɗauke. Ya miƙa masa gorar. Sai-Tasha ya waiga wajen falo tukuna, kamar yaron da zai saci sukari, sannan ya kafa kai.

Suka zauna a bakin gadon ƙarfe. Kafin a gama gaisuwa Sai-Tasha ya tashi sau biyu.

"Ashe ba a yi maka aikin ba?" in ji Kwandasta.

"Wane aiki?"

"Irin nawa mana! Ni ma haka na yi fama, har matata ta ce in mai da katifa banɗaki a huta." Ya naɗe hannun riga ya nuna wuyan hannunsa. "Duba nan."

"Ban ga komai ba. Cizon sauro ne?"

"To nan aka shiga. Akwai wani ƙululun nama a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, likitoci na ce masa furostet. In an tsufa sai ya yi ƙiba ya matse hanyar fitsari. Ka gane ai, tirela ce ta gindaya a tsakiyar titi. Da can sai an yanka ko an kankare. Yanzu akwai wata dabara, man da take sha ake datse mata. Siririyar roba suke zurawa ta jijiyar jini, su bi ta a hoto har su kai jijiyoyin da ke ciyar da naman, su zuba wasu 'yan ƙwayoyi ƙanana kamar yashi su toshe. Jini ya ragu, nama ya yi ta motsewa a hankali, hanya ta buɗe. Idona biyu aka yi, muna hira. Da yamma na koma gida."

"Kai dai Kwandasta, ƙaryarka ba ta tsufa. Kai ne fa kake cewa saura mutum ɗaya alhali mota wayam."

"Wannan ta sana'a ce. Amma ai na faɗa wa Manaja tun bara! Mun haɗu a gidan mai, ya ce mini ba ka jin daɗi, na nuna masa hannun nan. Na gaya masa ƙungiyarmu ta tsofaffin direbobi ce ke ɗaukar nauyi, aljihunsa ba zai ji komai ba. Ya ce zai kawo ka. Ni ina can ina jiran ka zo godiya, da na ji shiru na ce bari in zo in yi maka tsiya."

Sai-Tasha ya kama mukullin wuyansa yana juyawa. Ya fi son a ce Kwandasta ƙarya yake yi, amma ya san muryarsa ta ƙarya, kuma ba ita ba ce wannan. Can ya miƙe ya sauko da babbar riga daga ƙusa.

Lokacin surukar ta fita kai kaya, yara suna makaranta. Ya datse kwaɗo, ya shiga gaban mota. Ba su yi nisa ba ya fara mutsu-mutsu.

"Kwandasta, ɗan tsaya."

Kwandasta ya gyara zama, ya kafe ido a titi, ya buɗe murya: "Sai tasha!"

"Ɗan banza, zan jiƙa maka kujera!"

"Shekara nawa nake jiran ranar nan, Maigida! Wanzami ba ya son jarfa." Ya taka burki yana dariya har da hawaye.

A asibiti likitar mace ce, sa'ar 'yar autarsa. Sai-Tasha ya so ya juya, Kwandasta ya tare ƙofa da tumbi. "Ranar wanka ba a ɓoye cibi, Maigida." Ya zauna ya faɗi komai, yana kallon silin. Da ya zo kan maganar kofi biyu, likitar ta ajiye biro.

"Baba, wa ya ce a hana ka ruwa?"

"Yara ne. Don lafiyata."

"Rage sha gab da kwanciya daban, hana mutum ruwa daban. Ga shi ƙwayoyin cuta sun shiga mafitsararka, saura kaɗan a taɓa ƙoda." Aka ɗebi jini, aka auna fitsari, aka yi hoto. Ta ce ba kowa ake yi wa wannan aikin ba, sai an tabbatar ƙiba ce kawai ba mugun ciwo ba, an kuma ga jijiyoyin za su biyu. Ta ba shi maganin da zai fara kashe cutar, ta ce ya dawo jin sakamako. "Kuma ka sha ruwa, Baba. Umarnin likita ne."

Sai bayan la'asar suka dawo. Tun daga kan kwana suka hango taro. Motar Manaja a waje, motar makaranta ta sauke yara suna zaune a kan jakunkunansu, mai gas ya jingina da bango, ga surukar da baƙi biyu a tsaye, ga maƙwabta sun fito kallo. Mukulli ɗaya ne a gidan, don ba wanda ya taɓa ganin dalilin yanko wani. Ai Baba kullum yana nan.

"Baba, ina ka shiga? Hankalinmu ya tashi!" in ji Manaja.

"Asibiti na je. Wanda Kwandasta ya gaya maka tun bara."

Manaja ya fara in-ina. "Baba, ai ni tsoron da nake ji, kada a ce sabon abu ne a gwada a kanka…"

"Gwaji? Ga gwaji nan a gabanka yana shan ruwa," in ji Kwandasta, ya daki tumbinsa.

Rana ta dafa surukar, ga kunyar baƙi, sai bakinta ya riga hankalinta.

"To in aka yi masa aikin ya warke ya kama yawo, wa zai riƙe mana ƙofa?"

Har mai gas sai da ya gyara tsayuwa. Baki shi ke yanka wuya. Ta kai hannu ta rufe nata, amma magana zarar bunu ce. Manaja ya dubi takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Sai-Tasha ya ji maganar har ƙashinsa, don ya daɗe da zargin haka a ransa yana korewa. Ya taka a hankali, ya buɗe kwaɗo, ya ja ƙofa.

"Ku shiga, 'yata. Yara sun gaji."

Sakamako ya fito lafiya, aka sa rana. Manaja ya ce yana da taro a ofis, sai Kwandasta ne ya kai shi asibiti. Abokin aikin likitar, gwanin bin jijiyoyi da hoto, ya yi masa allurar kashe zafi a wuyan hannu ya zura robar. Sai-Tasha yana kwance idonsa biyu. Da ya karkata kai ya hango allon, ya ga jijiyoyinsa sun yi rassa kamar taswirar hanya, sai tsohon hali ya motsa.

"Likita, wannan kwanar tana da sharri. Rage gudu."

"To Baba, na rage."

"Ka taɓa tuƙa babbar mota?"

"Ko keke da ƙyar."

"Amma hannunka yana da kyau. Da na same ka da wuri da na mai da kai direba."

Ma'aikatan jinya suka yi ta dariya a bayan takunkumi. Ya ji ɗan ɗumi a ƙasan mara, ya ji gajiyar kwanciya wuri ɗaya, shi ke nan. Da yamma ya koma gida da ɗan filasta a hannu.

Kwanakin farko abin kamar ya ƙaru, ga ƙuna ga yawan zuwa, kamar yadda likita ta gargaɗe shi. Surukar ta samu abin faɗa: "Ai mun faɗa." Shi dai ya karɓo filas ɗinsa da kansa daga kicin, ba wanda ya iya hana shi. Sati ya bi sati. Wata safiya hon ɗin Manaja ne ya tashe shi, ya buɗe ido ya ga rana ta fito, bai tashi ko sau ɗaya ba tun da ya kwanta bayan asuba. Ya shiga banɗaki, ya fito yana murmushi shi kaɗai, ya bugo wa Kwandasta.

"An janye tirela."

Kada a ɗauka kunya ta gyara gidan. An dai mai da kan famfo, an daina ƙirga masa kofi. Maganar maigadi kuwa, kullum "ana nan ana cigiya." Kwalayen tangaran suna nan a ɗakinsa, mukulli yana nan a wuyansa. Sai da ya ce zai hau motar Kwandasta ya tafi wajen Yaya, sannan Manaja ya tuna abin da mutane za su ce, ya ce shi zai kai shi.

Suka kama hanya, Manaja a sitiyari, Sai-Tasha a gefensa da filas a cinya, surukar da yara a baya da lemon kwalba. Tsoho ya yi ta shan shayi yana gaida kowace gada da kowace kwana kamar tsofaffin abokai. Manaja yana ta satar kallonsa, yana jiran a ce a tsaya. Shiru.

Da aka ci rabin hanya, Sai-Tasha ya dubi madubin gefe. Ya ga surukarsa ta daina magana, ta haɗe gwiwoyi, ta ciji leɓe, tana kallon daji da idon neman taimako. Ya san wannan fuskar, ya gan ta a madubi fiye da yadda zai iya tunawa. Ya kuma san ko za ta fashe ba za ta faɗa a gaban surukinta ba. Kalmomi biyun nan suka zo masa har kan harshe, kuma da ya faɗe su ba wanda zai ga laifinsa. Ya haɗiye su da shayi.

"Manaja, tsaya a gidan man can. Tsoho ya matsu."

Mota na tsayawa ta fice da sauri. Shi ko ƙofa bai buɗe ba. Da ta dawo ta same shi zaune yadda ta bar shi, ta gane. Ta shiga ta zauna, muryarta can ƙasa ta ce, "Na gode, Baba."

"Ba komai, 'yata. Abin ba daɗi, na sani."

Sun sami Yaya a kan tabarma a inuwar baranda, ta ƙanƙance kamar yarinya. Tana jin sallamarsa ta miƙo hannu biyu.

"Ɗan nema! Ka iso a ƙafar?"

Ya durƙusa a gabanta, hawaye na zuba yana dariya. Ta shafa kansa, ta shafa kunnuwa, ta ja gemu ta ce ya rame. Hannunta ya gangaro wuya ya ci karo da igiya. Ta bi ta da yatsa har ta kamo ƙarfe.

"Wannan fa? Me aka rataya maka kamar akuya?"

"Mukullin ƙofar gida ne, Yaya."

"Ka ce me?"

Dole ya ɗaga murya, har maƙwabtanta suka ji. "Mukullin ƙofa!"

"Kai ne maigadi?" Ta juya fuskarta inda take jin numfashin Manaja. "Kai, da kuka zo hutu ba ce mini ka yi ubanka ya ce ba ya son tafiya ba?"

Manaja, mai uzuri kowane launi, ya laluba bai samu ko ɗaya ba.

Yaya ta cire igiyar ta kan ƙanenta. Inda ta kwanta a wuyansa ya yi sawu, ta shafa wurin da babban yatsa. Sannan ta miƙa mukullin cikin iska.

"Ungo. Ban sayar da kekena don ya yi maka gadi ba. Ƙanena ya bar aiki."

Manaja ya karɓa da hannu biyu. Ya rasa inda zai sa shi, ya tsaya riƙe da shi. Aka kawo ruwa a babban kofi, Sai-Tasha ya karɓa ya shanye tas, ba tare da ya waiga ya dubi kowa ba.

Da za su juya da yamma, Manaja ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Baba, yaushe za mu dawo ɗaukarka?"

"Ran da ɗakina ya koma ɗakina, ka bugo mini. Ka yi a hankali da ƙofar, tana cin yatsa."

Ya miƙe ƙafa a kan tabarma, ya jingina da kafaɗar Yaya, ya ɗaga kofin sama.

"A ƙaro mini."